Hoton Ƙafar Dama

Talata, da yamma

Mun dawo gida. Alhamdulillahi, alhamdulillahi. Na rubuta sau biyu don sau ɗaya bai ishe ni ba.

Baban yara na kwance a falo, ƙafar dama a kan matashi kamar wata sarauniya, yana koya mini yadda ake buɗe taga. Mutumin da tun aurenmu yake tuƙa motar makaranta, bai taɓa sanin inda tsintsiyar gidan nan take kwana ba, yau shi ne mai duba aiki. Na ƙyale shi. Wanda ya sha gadon asibiti ya ci albarkacin baki.

Ƙusa ce fa, ƙusa guda, a wajen wankin mota. Ta huda silifa ta shige tafin ƙafa, bai ma ji ba, sai da na ga jini a kan tabarma. Ciwon sukari ya daɗe da kashe masa jin ƙafar.

Likitarsa doguwar mata ce mai magana a gutsure, kamar ana sayar mata da kalmomin. Ta ce asibitin ya yi mana nisa, shi kuma ba a so ya taka, don haka ni zan riƙa wanke ciwon a gida yadda nas ta nuna mini. Kullum da safe in na kwance bandeji, in ɗauki hoto in tura mata ta waya. In ciwon ya rufe, shi ke nan. In bai rufe ba, za mu zauna mu yi waccan maganar. Ba zan rubuta sunan maganar a nan ba.

Shi kuwa bakinsa ba linzami. A mota yake ce mini, “Maman yara, ke da ba abin da ba kya sayarwa a waya, in suka cire ta sai ki nema wa takalmin dama mai saye.” Na ce masa ya tofar da yawu. Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Laraba, da safe

Hoton farko. Tagar falonmu ɗaya ce, ita ma katangar maƙwabta take kallo. Likita ta amsa da kalma huɗu: “Duhu. Ban gani ba.”

Abin ya yi mini ciwo fiye da kima. Ni fa da hoto nake ci. Zanin gado da labule nake sayarwa, ba shago ba rumfa, sai dai in shimfiɗa a gadonmu in ɗauka, in gyara haske, in ɗora a shafina. A ce ni za a ce wa ba a gani ba?

Kuma kamar haɗin baki, manhajar da na saba gyara hoto da ita ta tashi da sabon hali. Yanzu sai ta manna tambarinta a tsakiyar hoto, ɓaro-ɓaro, in kana son ta cire sai ka biya duk wata. Tsakiyar hoton nan kuwa nan ciwon yake. Na ce mata Allah ya raka taki gona.

Laraba, bayan azahar

Na kira ƙanwata, ita ce gwanar waɗannan abubuwa. Ta turo mini sunayen manhaja huɗu na kyauta. Ta ce, “Yaya, ki gwada duka, wadda ta kwanta miki ki riƙe.” Sunayen sun fi ƙarfin harshena, zan raɗa musu nawa.

Takalminsa na dama na bayan ƙofa shi kaɗai. Na hagun yana ƙafarsa in zai dogara sanda zuwa bayi. Na tura na daman ƙarƙashin kujera.

Alhamis, da hantsi

Ta farko, Mai Talla. Ka taɓa haske, talla. Ka taɓa launi, talla. Ina tsugune gaban ƙafar mutum, auduga a hannu, sai ga hoton wani ƙaton kek ya cika waya, zuma na zuba a kansa a hankali. Baban yara ya leƙo ya ce, “Tsaya, tsaya, kar ki wuce, bari in gaisa da tsohon abokina.” Na goge ta nan take. Mai ciwon sukari da tallan zaƙi, ai ajiye kura ne a garken awaki.

Ta biyu, Furofesa. Maɓallai sun fi na gaban motar Baban yara yawa. Na danna wani abu, ƙafar ta koma shuɗiya, na danna wani, ta ɓace gaba ɗaya, sai matashi kawai a hoton. Na san wasan waya ne, amma na daɗe ina kallon matashin nan. Ita ma na sallame ta.

Yau ma Likita ta ce da sauran duhu.

Juma'a, da safe

Ta uku na sa mata Malam Shiru. Ba talla, ba tambari, ba kwalliya. Abu uku kawai ta iya: ta ƙara haske, ta miƙe hoton da ya karkace, ta rage gefe. Na gwada ta a kan wani zanin gado mai ruwan goro, ya fito yadda yake, har da ɗan kwarmashewar da guga bai cire ba. Ba gishiri ba yaji. Wa zai sayi kaya a haka? Ban goge ta ba dai, na bar ta can gefe. Alamar almakashin da ke jikinta ma ba na son gani kwana biyun nan.

Ta huɗu kuwa, wayyo Allah! Mai Kwalliya. Wata 'yar alama ce a ƙasa, kamar sanda mai taurari, ka taɓa ta sau ɗaya, shi ke nan. Zanin nan ya fito kamar a ɗakin otal, launi ya tashi, kwarmashewa ta ɓace. Ta tambaye ni ko ta riƙa yi wa kowane hoto haka da kanta, na ce mata bismillah, ai haka nake so.

Na sa hoton ƙafa. Haske tas. Naman ciwon ja-ja mai kyau, fatar gefe sumul. Na tura.

Likita ta ce, “Yanzu na gani. Da kyau. A ci gaba.”

Na karanta masa da ƙarfi har sau uku. Ya ce, “To ni ne na warke ko ke ce kika ci jarrabawa?” Na ce duka biyun.

Asabar, da yamma

Da kyau, in ji Likita. Na sayar da zanin gado har da labulen da ya daɗe yana harara ta daga cikin leda. Na yi barcin rana, rabona da shi tun ranar ƙusa.

Litinin, da safe

Da kyau.

Gaskiya ba na iya kallon ciwon ido da ido. Sai in ɗaga waya tsakanina da shi, in ɗauka, in buɗe a Mai Kwalliya, a can nake dubawa. Wankin ma fuskata a gefe nake yi, hannu ya san hanya. Shi kuma ba ya jin komai, yana can yana ba ni labarin yaron da ya taɓa ɓoye ƙadangare a jakar makaranta ya sake shi a mota.

Shugabar makarantar ta kira shi. Sun sa wani yana riƙe masa motar, ta ce kujerarsa na jiransa. Da ya ajiye waya sai ya yi ta motsa ƙafar dama a iska, yana taka birkin da babu.

Laraba, bayan la'asar

Yaya ta zo, babbar yayarsa, wadda ta goya shi. Har gobe “yaron nan” take ce masa, ga furfura cike da gemunsa. Tana shigowa ta tsaya a bakin ƙofar falo tana ɗaga hanci.

“Ke, wani wari nake ji.”

Na ce maganin wanki ne.

“Na san warin magani. Wannan ba shi ba ne.”

Raina ya ɓaci. Ni nake tsugunawa kullum, ni nake wanke, ni nake tafasa ruwa, sannan a zo daga waje a ɗaga mini hanci? Na ɗauko waya na jera mata hotunan ɗaya bayan ɗaya, na nuna mata amsar Likita. Na ce, “Yaya, ko kin fi likita sani ne?” Ban taɓa yi mata irin wannan magana ba. Ta dube ni, ta dubi wayar, ta ce, “A'a, ban fi ta ba. Allah ya ƙara sauƙi.” Ko shayin da na haɗa mata ba ta ƙarasa ba.

Bayan ta tafi na kunna turare.

Alhamis, da safe

Da kyau.

Na sake kunna turare.

Juma'a, da hantsi

Ya ce sanyi yake ji. Fanka ce, na kashe ta. Ya bar rabin burodinsa, mutumin da sai na ɓoye masa leda.

Likita ta ce da kyau. Ai ita ta sani.

Asabar, da yamma

Ban yi ciniki ba yau. Na share ƙarƙashin kujera, na ci karo da takalmin nan, na mayar da shi ciki sosai.

Lahadi, bayan azahar, a barandar asibiti

In ban rubuta ba kaina zai fashe.

Da safe wata mai sayen kayana ta zo, wadda nake kira Hajiya Ragi, don ko kyauta ka ba ta sai ta nemi ragi. Ta zazzage zanin gado a kan kujera ta ce, “Wannan ne kika tura mini a hoto? Na hoton ja ne mai haske kamar tumatir. Wannan kuwa kamar an jiƙa shi a ruwan shayi. Ga wani baƙin zare a bakinsa, a hoto babu shi.”

Na buɗe baki zan yi mata irin tawa. Na ɗauko waya don in ƙaryata ta, na ɗora hoton kusa da zanin. Wallahi gaskiyarta. Zanin hannuna ruwan ƙasa ne mai duhu, na waya ja ne yana walƙiya. Baƙin zaren nan na bakin ɗinki, Mai Kwalliya ta shafe shi kamar ba a taɓa yin sa ba.

Ina tsaye da zani a hannu sai idona ya sauka a kan ƙafar da ke kan matashi.

Ban san lokacin da Hajiya Ragi ta fita ba. Na shiga ma'ajiyar hotunan waya, inda na asali suke zaune, waɗanda ban taɓa waiwaya ba tun da na samu mai yi mini ado. Na jera su. A na farko gefen ciwon ja ne. A na bayansa ya fara duhu ta wajen ƙaramin yatsa. Kullum duhun na ƙara matsowa, a hankali, kamar yadda ruwa ke cin bango. A waɗanda na tura wa Likita kuwa duk wurin nan sumul yake, launin fatar jariri.

Na ja kujerarsa har bakin ƙofa inda rana take, yana ta mita. Na kwance bandeji, na ajiye waya a ƙasa, na duba da idona. Ba zan rubuta abin da na gani ba.

Na tura wa Likita na asalin duka, ban gyara ko ɗaya ba, na rubuta mata abin da ya faru a layi biyu. Matar da ba ta taɓa kirana ba, sai ga waya na ruri. Ta ce, “Malama, ki kawo shi yanzu. Kar ki tsaya haɗa kaya.”

Sun shiga da shi. Ni ina nan kan benci.

Lahadi, da yamma

Yaya ta zo. Na tashi na ba ta wuri, na kasa ɗaga ido. Na jira maganar da na cancanta. Ta zauna, ta buɗe jakarta, ta miƙo mini ruwa ta ce, “Sha. Leɓenki ya bushe.” Shi ke nan abin da ta ce. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Litinin, da safe

Zazzaɓi. Ƙarin ruwa. Sun ce a jira.

Litinin, da yamma

A jira.

Talata, da hantsi

Likita ta kira ni ofishinta. Ta ɗora hotuna biyu a gabana, nawa na ado da na asali, ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Ni ma ya kamata in yi shakka. Ciwo irin wannan ba ya kyau da sauri haka. Na ga abin da nake son gani.” Ban zaci haka daga bakinta ba, sai kawai hawaye suka zubo mini.

Na ce haske kawai nake nema, ita ta ce duhu.

Ta ce ta sani. Ta ce gobe za su shiga da shi su kankare duk naman da ya mutu, sai sun buɗe za su san iya inda abin ya kai. In bai taɓa ƙashi ba, da sauran magana mai daɗi. In ya taɓa, to. Ta miƙo mini takarda in sa hannu. Kalmar nan da nake gudu tana ciki, a rubuce, da baƙar tawada. Na sa hannu a ƙasanta ban karanta ta da baki ba.

Talata, bayan la'asar

Na faɗa masa komai. Na ce ni na ja mana, da son gyara-gyarena. Ya ƙura wa silin ido, har na fara tsorata. Can ya ce, “To ni ina da tambaya. Hoton da aka kawo mini naki kafin aure, shi ma wannan manhajar ce ta gyara?”

Na ɗaga filo zan jefe shi, nas ta shigo. Na fita baranda na yi kuka mai isata, ina yi ina dariya kamar taɓaɓɓiya. Allah ka bar mini mutumin nan da ƙafafunsa.

Laraba, da safe

Sun shiga.

Na goge Mai Kwalliya. Har tambayata ta yi wai na tabbata? Na tabbata.

Laraba, bayan azahar

BAI TAƁA ƘASHI BA.

Likita ta fito tana cire hula ta ce, “Kun zo a gaɓa. Da an ƙara kwana biyu da labarin ya canza.” Yaya ta zube a ƙasa ta yi sujada a nan barandar, mutane na ratsa ta. Ni kuwa ban ankara ba na zauna a kan jakar wani bawan Allah, ya ce ba komai, in zauna.

Da aka fito da shi na ɗaga bargo ta ƙasa. Bandeji ƙato kamar kan jariri, amma yatsu na leƙowa. Na taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Duk suna nan.

Alhamis, da yamma

Ya farka sosai, ya nemi shayi da sukari. Nas ta ce ko a mafarki. Ya ce to a ba shi mafarkin.

Na ba Yaya haƙuri a kan maganar ranar nan. Ta ce, “Ke dai kin ci sa'a ina son ki. Amma daga yau in hancina ya yi magana, waya ta yi shiru.” Na ce na ji, na kuma yarda.

Na kira Hajiya Ragi na ce ta riƙe zanin, na kuma aika mata da wani a kai. Ta ce lafiya? Na ce lafiya lau, alheri ta yi mini. Ta ce to tunda haka ne, labulen nan mai ratsi fa, ba ragi? Hali zanen dutse.

Litinin, da hantsi

Zazzaɓi ya sauka tun shekaranjiya. Ramin da suka bari ya fi na da girma, amma Likita ta ce rami mai tsabta ya fi ƙaramin da ke ɓoye ƙazanta. Ta sa na tsaya na kalla lokacin wanki, ba waya a hannuna. Na kalla. Har ƙarshe. Ta nuna mini launin da ake so da wanda in na gani in rugo da gudu.

Alhamis, da yamma

Mun dawo gida, karo na biyu. Wannan karon ban cika baki ba, alhamdulillahi a hankali nake faɗa.

Sabuwar doka daga Likita. Hoto a bakin ƙofa, da hasken rana. A ajiye farar takarda kusa da ƙafar, in takardar ta fito fara a hoto, to sauran launin ma gaskiya ne. Kuma nas ɗin ƙaramin asibitin unguwa za ta riƙa leƙowa tana gani da idonta.

Juma'a, da safe

Na koma wa Malam Shiru, wadda na raina. Ashe tana da wani hali da ban lura da shi ba: in ka ɗora yatsa a kan hoto ka danne, sai ta nuna maka yadda yake kafin ka taɓa shi. Ka ɗaga, gyararren ya dawo. Ba ta ɓoye maka komai. Hoton ƙafa dai ko ita ba na bari ta taɓa, sai in ya karkace ta miƙe shi.

Na tura na yau. Ramin nan a fili, ja da ɗan ruwa-ruwa, ga tsagar dugadugansa, ga ƙurar bakin ƙofa.

Likita ta ce, “Mummunan hoto. Irinsa nake so.”

Lahadi, bayan azahar

Ƙanwata ta kira, wai ta samo wata sabuwa da ta fi Mai Kwalliya iya aiki. Na ce ta riƙe kayanta. Ta ce, “Yaya, kayanki fa sun daina sheƙi a shafi.” Na ce na sani. Zanin gado yanzu a igiyar shanya nake ɗaukarsa, da rana, in ƙara ɗan haske in ya yi duhu, in danne yatsa in tabbatar launin bai gudu ba. Masu tambaya sun ragu. Amma tun da na fara haka ba wanda ya dawo mini da kaya.

Laraba, da safe

Ramin ya ɗan matse ta gefen yatsa. Ban yarda da idona ba, na jira nas. Ta ce ya matse.

Asabar, da hantsi

Yaya ta zo. Ta tsaya a bakin ƙofar falo ta ɗaga hanci, ta juya hagu, ta juya dama. Ni da shi muka zuba mata ido kamar masu jiran hukunci. Ta ce, “Albasa kawai nake ji.” Baban yara ya ɗaga hannu sama ya ce an wanke shi a kotun ƙoli.

Ta shanye shayinta yau, har ta nemi ƙari.

Talata, da yamma

Kwana biyu ban rubuta ba, ba abin rubutawa, kuma wannan ma ni'ima ce. Wanki, hoto, farar takarda. Ramin da yake cin auduga guda yanzu rabinta ya ishe shi. Likita ta daina cewa da kyau, sai dai ta ce “ya ragu” ko “haka yake kamar jiya”. Na fi son wannan. Ran da ta ce kamar jiya ba na jin daɗi, amma na san ba a yi mini ƙarya ba.

Shi kuma ya ishe ni. Ya gyara rediyon da ba ta lalace ba, yanzu ta lalace.

Litinin, bayan azahar

Mun je asibiti. Likita ta duba, ta danna, ta sake dubawa da fitila. Ta ce ya rufe. Tabo ne mai kauri, ya lotsa ciki, ba kyan gani. Ta ce ya fara takawa a hankali, da takalmi mai laushi a ciki, kuma har abada ba shi ba silifa a wajen wankin mota. Kullum kafin ya kwanta in duba tafin ƙafar da idona.

Ya ce, “Likita, waccan maganar fa?”

Ta ce, “Wace magana?” Ta ci gaba da rubutunta. Na ga gefen bakinta ya motsa.

Da muka dawo na durƙusa na zaro takalmin daga ƙarƙashin kujera. Ƙura ta yi masa riga, gizo-gizo har ya yi gida a ciki. Na goge shi, na shafa mai, na ajiye kusa da ɗan'uwansa a bayan ƙofa. Na hagun ya sha yawo shi kaɗai ya ɗan koɗe, na daman ya fi shi baƙi. Ban damu ba.

Laraba, da hantsi

Yau ya koma aiki. Tun da asuba yake shiri kamar ɗan firamare, ya canza riga sau biyu. Na raka shi har bakin titi, ina ta faɗa masa kar ya daɗe a tsaye, kar ya sayi komai mai zaƙi a ƙofar makaranta. Ya ce to, Likita ƙarama.

Ina shanya sai waya ta yi ƙara. Hoto ne daga wajensa, kuma wannan ne karo na farko da mutumin nan ya taɓa tura mini hoto. Ya karkace, ya yi duhu, babban yatsansa ya rufe kwana guda. Ƙasan motar ne ya ɗauka, motar na tsaye a harabar makaranta. Ga ƙafar hagu a gefe, ga ta dama a kan birki, kowace da takalminta.

Hannuna da ya saba ya buɗe Malam Shiru da kansa, zai ƙara haske. Na rufe ta. Na ɗora hoton a shafina yadda yake, a tsakiyar zannuwan gado, ban rubuta komai a ƙasa ba.

Ko minti biyar ba a yi ba sai ga Hajiya Ragi: “Kin fara sayar da takalman maza ne? Nawa, kuma nawa za ki rage?”

Na rubuta mata: “Hajiya, ba na sayarwa ba ne. Mai su yana ciki.”